Daga Ƙofar Mata Zuwa New Road a Ƙafa: Sunan Allo da Sunan Baki

A Amurka 'yan majalisun jihohi suna da wata al'ada. Ɗan majalisa zai miƙe ya kawo ƙuduri cewa daga mahaɗa kaza zuwa gada kaza a kan babbar hanya, a raɗa wa wannan tsakanin sunan sojan da ya mutu a fagen daga, ko ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki, wani lokaci ma sunan wata turbar masu yawon daji da ta gitta wurin. Ba a cika gardama a kai ba. A tafa, a ɗauki hoto, a kafa allo. Lambar hanyar tana nan yadda take, adireshin kowa bai motsa ba, a Kalifoniya ma kuɗin allon ba daga baitulmali yake fita ba, masu neman karramawar ne ke tarawa. Mutanen can suna ji da hanyoyinsu na ƙafa. Ta duwatsun Appalachian kaɗai ta kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, an gama share ta a 1937, kuma tun 1968 dokar tarayya ke kare ta.

Kano tana da hanyoyin ƙafa da suka girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma bakinsu a Fagge yake. Tana kuma da nata raɗin sunan na hukuma, wanda kusan kowace gwamnati sai ta yi. Mai son ganin inda biyun suka haɗu da inda suka saɓa sai ya ajiye mota, ya taka daga Ƙofar Mata zuwa tashar New Road a Sabon Gari. Tazarar ba ta da yawa, cunkoso ne ke sa ta cinye hantsi guda.

Wani matafiyi da ya gwada haka ya faro daga bakin karofi, inda marina ke tsoma ƙyalle a baba, ƙarƙashin allon da ya ce tun 1498 ake wannan sana'a a wurin. Kafin ya yi nisa ya ci karo da janar biyu: filin wasa na Sani Abacha a gefe ɗaya, titin IBB a gabansa. Waɗannan sunaye sun zauna a bakin mutane. Na Babangida ya zauna ne saboda gajartarsa, harafi uku da ɗan Adaidaita zai iya kira yana tafiya bai rage gudu ba.

Daga nan ganuwa tana bayansa, ya shiga ƙasar waje. Masana tarihi suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma aikinta na asali shi ne saukar baƙi. Ayarin Azbinawa idan ya iso da rani, raƙuma ɗauke da kantun gishirin Balma da dabino, a nan yake yada zango, a fili, kusa da ƙofa amma ba cikin birni ba. Buzaye su sauke kaya, dillalai su fito daga kasuwar Kurmi, a yi ciniki, ayari ya juya arewa da gero da turkuɗin Kura da jan fata. Wani reshen hanyar ya wuce Agadas ya bi ta Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin Bahar Rum. Ta Gat da Agadas ɗin nan Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya gangaro, ya raɓu da ayarin gishiri daga Azbin, ya shigo Kano a Fabrairun 1851. Ta kudu maso yamma kuma fataken goro ke fita da jakuna, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, su haye kogin Kwara wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa yakan ci watanni masu yawa, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga gaisuwar kowane sarki da aka bi ta ƙasarsa. Waɗannan mutane ba yawon shan iska suke ba. Amma idan ana maganar turbar da sawu ya fitar har ta gina birni, to ga ta.

Matafiyin ya duba allunan da ke kan hanyarsa ko zai ga wanda ya ambaci ayari ko madugu, bai gani ba. Raƙumi dai yana nan zuwa Fagge, sai dai a bayan tirela, kuma abbatuwa ake kai shi.

Kantin Kwari ba ya barin mutum ya tsaya tunani. Ɗan dako ne zai taho da dilar atamfa a ka yana "Hanya! Hanya!", mai baro yana biye da shi, 'yan tebur sun cinye gefen titi, motocin lodi sun cinye sauran. Turawan mulki ne suka yanka wa 'yan Siriya da Labanan filaye a wannan yanki na Fagge ta Kudu, suka gina kantuna a ƙasa, gidajen kwana a sama. Da tafiya ta yi tafiya 'yan kasuwar Kano suka saye gidajen, yanzu daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sarin shadda da leshi da yadi. A cikin Kwari babu mai yi maka kwatance da sunan titi. Sunan gida ake faɗa, wato sunan attajirin da ya mallake shi, sannan hawa na nawa, sannan shago na nawa daga matattakala. Abin da ya rage na tunawa da Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan ɗin nan, a kan allo shi ne Beirut Road, can gaba kaɗan, inda yanzu wayoyin hannu ake sayarwa.

Abin mamaki, sunan da ya fi riƙe tarihin tafiya a Fagge ba majalisa ce ta ba da shi ba. Wapa, inda 'yan canji ke zaune a kan benci suna ƙirga dala da riyal da sefa, sunan kamfanin jigilar alhazai ne na Afirka ta Yamma da wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa a 1948. Kafin su, mai niyyar Hajji da ƙafa yake fita, ya bi Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri, ya ƙara gaba har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Shekaru ake yi. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kamfanin ya fara da manyan motoci, daga baya ya koma jirgin sama. Maniyyata suna taruwa a bakin ofishinsa, masu canjin kuɗi suka biyo su, ofishin ya tafi, canji ya zauna, sunan ma ya zauna. Yaron da ke tare mutum yana tambayarsa "Alhaji, dala ce ko riyal?" ba lallai ya san wannan ba, amma kullum sai ya ambaci sunan.

Haka Fagge take. Plaza sunan gidan sinima ne. Singa kamfanin keken ɗinki ne na Amurka, yau kuwa kasuwar shinkafa da sukari da taliya da man girki ce. Triumph jarida ce da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 a Gidan Sa'adu Zungur, aka rufe ta a 2012, daga baya aka farfaɗo da ita, duk wannan bai hana kwandasta kiran "Tirayam" ba. Bata kamfanin takalmi ne da aka kafa a ƙasar Cek a 1894. Mutane suna kiran wuri da abin da ƙafarsu ta saba zuwa nema a can, kuma ko abin ya gushe ba sa sakin sunan.

Sunan hukuma ma yakan kama, idan akwai abin da ya ɗaure shi a zuciya. Titin Ibrahim Taiwo, wanda ya bi ta gefen Kwari, da titin Murtala Muhammed, wanda ya raba Fagge da Sabon Gari, sunayen mutum biyu ne da aka kashe rana ɗaya, 13 ga Fabrairun 1976, a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Kanar Taiwo gwamnan Kwara ne, Janar Murtala shugaban ƙasa ne kuma ɗan Kano, a Kano aka binne shi. Babu wanda ya tilasta wa kowa ya ce titin Murtala ko asibitin Murtala. Makoki ne ya dasa sunan.

A kan titin na Murtala ne aka shimfiɗa doguwar gadar sama da gwamnatin Kwankwaso ta fara, ta Ganduje ta ƙarasa. Sunan gidan Dantata aka raɗa mata, jama'a kuwa gadar Sabon Gari suke cewa. Zaɓin ya dace da wurin fiye da yadda ake zato. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, ɗan gidan fatauci, da goron Gwanja ya fara kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa ga Turawa, ya rasu a 1955. To ga gidan fatake ya sami abin tunawa, sai dai na motoci ne. Mai ƙafa ƙarƙashinta yake bi, tsakanin ginshiƙai, inda masu kayan gwanjo da masu lemo da 'yan Adaidaita suka riga shi kama wuri. Tsallaka titi a Bata sai da dabara: mutum ya jira wata mata mai goyo ko dattijo mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya kutsa, sannan ya laɓe a bayansa.

Daga tsallaken ne kasuwar da takardun gwamnati ke kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, don girmama gwamnan farar hula na farko a jihar, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Baƙon da ya ɗauki sunan allo da muhimmanci ya ce wa ɗan Adaidaita ya kai shi kasuwar Rimi zai tsinci kansa a cikin birni, kusa da asibitin Murtala, domin can akwai tsohuwar Kasuwar Rimi da ba ta da alaƙa da gwamnan. Ita wannan, Kasuwar Sabon Gari ce a bakin kowa, har a labaran gobarar da ta cinye dubban shagunanta a Maris ɗin 2016.

Bayan kasuwa gari ya canza fasali. Lungunan Fagge masu lanƙwasa sun ƙare, tituna sun miƙe sambal, suna gitta juna kamar gidan dara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da masu gyaran inji da direbobi da 'yan kasuwa daga kudu, daga Saliyo, daga Gold Coast wadda ta zama Gana. A 1913 Turawa suka yanka musu wannan unguwa, suka ajiye ta ƙarƙashin majistare, nesa da alƙali da dogarin sarki, sai a 1940 aka mayar da ita hannun En'e ƙarƙashin Wakilin Waje. Wanda ya karanta allunan a jere ya karanta jerin waɗanda suka zo: Abeokuta, Ijebu, Warri, Onitsha, Aba, Enugu, Freetown, Gold Coast, ga Igbo Road, ga Yoruba Road. Ga sunayen jami'an mulkin mallaka, Festing da Weatherhead. Ga na manyan Yarabawan unguwar na farko, Sanyaolu da Sani Giwa. Ga Burma Road, mai tuna wa mutum dazukan da sojojin Najeriya suka yi yaƙin duniya na biyu a cikinsu.

Sai babban titin, France Road, inda shagunan kayan lantarki da na famfo da janareto suka yi layi, yaran shago suna kiran mai wucewa "Oga" ko "Alhaji" gwargwadon suturarsa, ciniki kuma da Hausa ake yi ko da mai saye da mai sayarwa duk ba Hausawa ba ne. Da yawa suna ɗauka sunan ƙasar Faransa ne. Ba ita ba ce. G. E. France mutum ne, tsohon akawu ɗan Gold Coast, wanda aka naɗa shugaban Sabon Gari a farkon shekarun 1930. Da ya gushe, T. P. Barlatt-Hughes, mai ɗaukar hoto ɗan Saliyo, ya gaje shi, shi ma titinsa yana nan, ana rubuta shi Ballat Hughes. A takarda an sauya France Road zuwa Abuja Road. Wasu 'yan kasuwa suna buga sunayen biyu a kan rasit don gudun ɓatan kai, amma wanda ya tare ɗan Adaidaita ya ce Abuja Road, amsar da zai fi samu ita ce, "Ina ne kuma haka, Malam?"

A nan taurin kan jama'a ya yi rana. Abuja ba ta rasa abin tunawa da ita ba, birni ne guda da Murtala ya yi dokar kafa shi kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Shi kuwa akawun nan ɗan Gold Coast wannan titi kaɗai gare shi. Da sunan allo ya yi nasara, da an goge shaidar cewa an taɓa yin lokacin da mutumin Gana ke shugabancin wata unguwa a Kano, ya bar wa mutumin Saliyo.

A Yamai an yi irin wannan sauyi, amma can da gaske Faransa ake nufi. A Oktoban 2024 gwamnatin sojan Nijar ta cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi ta sa na Djibo Bakary, ta kuma maye gurbin hoton Monteil da na Thomas Sankara. Monteil ɗin nan, hafsan Faransa ne da ya taso daga Senegal ya ƙare a Tarabulus, kuma ya yada zango a Kano a ƙarshen 1891.

Church Road ita ma tana da suna na biyu, na Awolowo, kuma wannan yana da nauyinsa. A watan Mayun 1953 tawagar jam'iyyarsa ta Action Group, ƙarƙashin S. L. Akintola, ta shirya taro a Sabon Gari, makonni kaɗan bayan an yi wa wakilan Arewa ihu a Legas kan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956. Rikici ya ɓarke ranar 16 ga wata, aka kwana huɗu ana yi, mafi yawa a wannan tsakanin na Fagge da Sabon Gari da matafiyin ya tsallako ɗazu. Hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Na 1966 ya fi muni, Inyamurai suka watse, suka dawo bayan an gama yaƙin basasa a 1970, aka sake yi a 1991. Duk da haka a wannan unguwa ce, ranar 8 ga Agustan 1950, mutum takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, suka kafa NEPU. Jam'iyyar talakawan Arewa a unguwar baƙi aka haife ta, inda idon En'e bai cika kaiwa ba.

Wa ke da ikon raɗa wa titi suna? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi aikin sanya wa hanyoyi da tituna suna da ba gidaje lamba. Ke nan titunan Fagge da Sabon Gari da aka lissafa a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Fagge suke, domin Sabon Gari a cikinta take. A aikace gwamna ne ke sanarwa ranar yanka ƙyalle, majalisar jiha kuma takan shigo idan abin ya shafi dokar da ta kafa wata hukuma, kamar yadda jami'ar Northwest ta zama ta Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya ta koma sunanta na farko. Shugaba Jonathan ya gwada sauya sunan jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola a 2012, ɗalibai suka fito titi, maganar ta mutu. A 2025 wata ƙaramar hukuma a Bariga ta Legas ta cire sunan Charly Boy daga tashar bas, sunan da mazauna wurin ne suka ba ta da bakinsu, aka yi ta cacar baki a jaridu.

Tunda iko yana hannun Fagge, ba abu ne mai tsada ba a kafa 'yan alluna daga bakin ganuwa zuwa Wapa, a rubuta da Hausa da ajami cewa nan ne zangon ayarin Azbin, nan fataken Gwanja ke ɗaura kaya, nan maniyyata ke taruwa. Amurkawa fenti fari kawai suke shafawa a jikin itatuwa don nuna turbarsu. Sai dai allo shi kaɗai ba zai wadatar ba matuƙar mai karanta shi ba shi da inda zai tsaya. A mafi yawan wannan tafiya gefen titi ko dai rumfa ta hau shi, ko janareto, ko kwata ce a buɗe, dole mai ƙafa ya sauko kwalta ya yi gogayya da Adaidaita. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 masu ƙafa uku suka ninka, kuma su ba sa ganin mutum sai sun kusa taɓa shi.

Tafiyar ta ƙare a New Road, a tashar manyan motocin safa masu zuwa kudu. Nan ne bam ya tashi ranar 18 ga Maris ɗin 2013 ya kashe fasinjoji da yawa, kuma tun daga lokacin sai an duba kaya a bakin ƙofa. Da la'asar lodi ke kankama. 'Yan dako suna cusa buhunan wake da busasshen kifi da albasa da dilolin atamfar Kwari a cikin motocin, mata suna cinikin kilishi na tsaraba, 'yan kamasho suna rige-rigen jan jakar duk wanda ya shigo suna kiran Anacha, Aba, Inugu, Fatakwal, Legas. Motocin kan tashi da yamma su kwana a hanya, su bi ta Zariya da Kaduna, direba biyu suna karɓa-karɓa.